Rambus: hannun jarin da alƙalai suka riƙa yanke ma farashi

A shekarar 1990 ne injiniyoyi biyu, Mike Farmwald da Mark Horowitz, suka kafa kamfanin Rambus a Kaliforniya ta ƙasar Amurka. Kamfanin bai gina masana'anta ba. Abin da ya mallaka shi ne dabara: wata hanya ta ƙara ma ƙwaƙwalwar kwamfuta sauri wajen miƙa bayanai. Ya yi ma dabarar rajista, ya karɓi takardun haƙƙin mallaka, sa'an nan ya ce duk mai son ƙera irin wannan ƙwaƙwalwa, da ake kira RDRAM, sai ya biya shi la'ada bisa kowace ɗaya da ya sayar.

Ga mai neman inda zai saka dukiyarsa, wannan ciniki ne mai ban sha'awa. Masana'antar ƙera ƙwaƙwalwa takan ci miliyoyin dala masu yawa, kuma in kasuwa ta cika, mai ita ne ke ɗaukar hasara. Shi ko mai takarda, nasa karɓa ne. Na'urar wasa ta Nintendo 64 ta fito da RDRAM a 1996, kuma a wannan shekara kamfanin Intel ya zaɓi dabarar domin kwamfutocin da ke tafe. Da Rambus ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq cikin watan Mayu na 1997, masu saye suka yi masa ca.

Sai dai masu masana'antu ba su so biyan la'adar ba. RDRAM tana da tsada, don haka suka karkata ga wata ƙwaƙwalwa mai rahusa, DDR, wadda ƙungiyarsu ta JEDEC ta tsara. Ko shi Intel, ya zuwa 2003 ya bi sahunsu. Rambus bai jira wannan rana ba: tun 2000 ya ce takardunsa sun haɗa har da SDRAM da DDR, wato kusan duk ƙwaƙwalwar da ke kasuwa. Toshiba da Hitachi suka amince su biya, hannun jari ɗaya ya haura dala 100.

Infineon da Micron da Hynix kuwa suka ƙi. Hujjarsu ita ce Rambus ya halarci tarurrukan JEDEC a farkon shekarun 1990, ya ji abin da ake tsarawa, bai bayyana takardun da yake nema ba, kana ya fice a 1996. Cikin watan Mayu na 2001 wata kotu a Birjiniya ta same shi da laifin zamba, kuma a shekarar hannun jarin ya faɗi ƙasa da dala 10. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2003. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yanke a 2006 cewa kamfanin ya yi babakere ta hanyar yaudara. A 2008 wata kotun ta rushe wannan ma. Kowane hukunci, farashi ya bi shi sama ko ƙasa, alhali dabarar tana nan yadda take.

Rana mafi muni ta zo cikin Nuwamba na 2011. Rambus ya nemi diyyar kusan dala miliyar 4 daga Micron da Hynix, yana zarginsu da haɗa baki don kashe RDRAM. Masu taya alƙali yanke hukunci a San Faransisko suka yi watsi da ƙarar, kuma kafin a tashi kasuwa hannun jarin ya rasa kusan kashi 60 cikin 100 na darajarsa. Mutum goma sha biyu da ba su taɓa ƙera ƙwaƙwalwa ba, su suka yanke ma dubban masu jari wannan hasara.

Ba a ce takardun ba su kawo kuɗi ba. Samsung ya yi sulhu a 2010 bisa yarjejeniyar da ta kai dala miliyan 900, SK Hynix da Micron suka bi a 2013. Amma kuɗin sun zo ne bayan shekara goma ko fiye na shari'a, lauyoyi sun ci rabonsu, kuma takardar mallaka a Amurka ba ta wuce shekara 20 daga ranar da aka nemi ta. Wanda ya saya a tsakiyar 2000 ya shafe fiye da shekara ashirin bai sake ganin farashin da ya biya ba.

Daga 2015 Rambus ya fara sayar da ƴan ƙananan sassa na kansa, waɗanda ake ɗorawa bisa allunan ƙwaƙwalwar manyan kwamfutoci. Wasu masana'antu ke ƙera masa su, kuma allunan da suke hawa na DDR ne.