Sanya Sababbin Bawul da Zaunar da Su a Kan Injin Mota

Tun shekarar 1876, lokacin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera injin mai bugu huɗu, ƙa'idar aikinsa ba ta sauya ba. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya koma sama ya kori hayaƙi. Ƙofofin da ke buɗewa da rufewa domin wannan shiga da fita su ne bawul, kuma mazauninsu yana cikin kan injin, watau murfin ƙarfen nan da ke rufe silinda. Siffar bawul kamar ƙusa ce mai faffaɗan kai da doguwar ƙafa. Idan injin na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 25 cikin daƙiƙa guda.

Bawul na fitar hayaƙi shi ya fi shan wuya, domin zafin kansa kan kai digiri 700 ko fiye a ma'aunin Salsiyas, alhali kuwa ruwan lagireto ba ya taɓa shi. Mafi yawan wannan zafi, wajen kashi uku cikin huɗu, ta bakin mazauni yake bi ya shiga kan injin, a ɗan lokacin da bawul ke rufe. Ashe ke nan zaman bawul aiki biyu yake yi: tsare matsi da kuma sanyaya ƙarfe. In zaman bai yi daidai ba, wuta ta samu 'yar kafa, sai ta dinga bi tana ci har gefen bawul ya ƙone. Mota ta rasa ƙarfi, ta yi ta shan mai, tashi da safe ya zama wahala.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka sayen sabon bawul ya gama magana. Gwanin bakanike da bututun da ƙafar bawul ke zirga-zirga a ciki yake farawa. In ya zura sabon bawul ya ji yana lilo, to bututun ya cinye, kuma sai an sauya shi kafin a taɓa mazauni, domin da shi ne na'urar yankan mazauni ke samun tsakiyarta. Wanda ya yanka mazauni bisa cinyayyen bututu ya yi aikin baban giwa. A ƙasashen da hunturu ke kawo ƙura, musamman inda aka yi sakaci da matatar iska, wannan cinyewa takan zo da wuri.

Daga nan sai yankan mazauni. A galibin injuna kusurwarsa digiri 45 ce, wasu kuwa 30. Akan ƙara yanka biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, domin a rage faɗin inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe ya koma kamar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya yi faɗi da yawa, gawayin hayaƙi ya samu wurin maƙalewa. In ya yi siriri ainun, zafi ya rasa hanyar fita.

Wasa bawul kuwa aikin haƙuri ne. Ana shafa ɗan man wasa mai tsakuwa a gefen kan bawul, a zura shi, a kama shi da sanda mai robar tsotso, a dinga murzawa tsakanin tafin hannu biyu kamar mai burga miya da maburgi. Lokaci lokaci sai a ɗaga, a juya shi kwata, a ci gaba. In an fara da man mai kaushi, a ƙare da mai laushi. Abin da ake nema shi ne zobe mai launin toka, marar yankewa, ya kewaye bawul da mazauni duka. Masu gaggawa sukan ɗaura bawul a na'urar huda ta lantarki su sake ta, abin da yake haifar da kwari a ƙarfe maimakon daidaito. Haka kuma wasa ba ya gyara mazaunin da ya karkace, sai yanka. Wasu bawul na zamani ma an lulluɓe su da siririn ƙarfe mai tauri, masana'antunsu sun hana a wasa su. Kowane bawul da aka wasa ya zama na raminsa, don haka akan soka su a kwali a rubuta lamba.

Gwajin ba shi da tsada. A rufe bawul, a jingine kan injin, a zuba kananzir ta hanyar shigar iska ko ta fitar hayaƙi. In jiƙa ta bayyana a gefen bawul, da sauran aiki. In ya tsaya a bushe, sai a wanke komai sarai, domin ɗigon man wasa da ya saura zai ci gaba da wasa ƙarfe a cikin injin. Sa'an nan a shafa baƙin mai a ƙafar bawul, a sa sabuwar robar tare mai, a matse sifirin, a zaunar da 'yan makullan nan biyu, a ɗan ƙwanƙwasa a tabbatar sun kama.

Akwai wani batu game da tsofaffin motoci. Tun 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a Amurka, kuma dalmar takan zama kamar matashi tsakanin bawul da mazauni. Saboda gubarta aka daina, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Tsohon kan injin na zubin ƙarfe wanda ba a dasa masa zobe mai tauri ba, mazauninsa kan lotsa a hankali in ana ba shi wuya da fetur na yanzu, kuma lokacin sauya bawul ne ya dace a dasa masa zoben.

Bayan an mayar da kan injin bisa sabon gaskit, an ɗaure notuna bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awon ƙarfi, saura gyaran tafet. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, don haka ake barin 'yar rata a saman ƙafar bawul. A Volkswagen Beetle, alal misali, milimita 0.15 ce, injin na sanyi. Sau da yawa mai mota ne ke matsa wa bakanike ya kashe ƙarar tafet gaba ɗaya. Rata mai yawa ƙara take jawowa da cinyewa a hankali, amma rashinta yana hana bawul rufewa in injin ya ɗauki zafi, sai sabon bawul ya ƙone kamar na da. Injunan da ke daidaita ratar da kansu da matsin mai ba su bukatar wannan awo, sauran kuwa a kan sake auna su bayan mota ta yi 'yar tafiya, domin sabon zama yakan ɗan nitse.