Wa Ke Ciyar Da Mai Gadi?

'Yan'uwa Musulmi, ƙungiyar Transparency International, wadda Peter Eigen, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, ya kafa da abokansa a Berlin a 1993, ita ce tun 1995 ke jera ƙasashe bisa ga yadda ake ganin cin hanci ya yi musu katutu. To, da kuɗin wa take aiki?

Kaso mafi tsoka na kuɗin hedkwatarta daga gwamnatoci yake fitowa, irin su Jamus da Tarayyar Turai, sa'an nan gidauniyoyi da kamfanoni. Takan bayyana sunayen manyan masu ba ta gudummawa, wannan kuwa abin yabo ne.

Amma a 2015 ta sha suka saboda karɓar dala miliyan 3 daga asusun Siemens, kamfanin da Amurka da Jamus suka ci tarar kimanin dala biliyan 1.6 a 2008 kan ba da toshiyar baki. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Shari'a ta daɗe da toshe wannan kafa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya tsawata a kan mumbari sa'ad da Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka, ya ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa. Dalili kuwa, don muƙaminsa aka ba shi.

Saboda haka ma'aikaci ya binciki kyautar da ta zo ofishinsa, ɗan kasuwa kuma ya binciki niyyarsa kafin ya miƙa. Allah Ya tsare mu da cin haram, amin.