Wuƙar aljihu a Maiduguri: Buɗewa ba wuya, wajen rufewa ake yanka yatsa

Duk wanda ya tsaya da hantsi a kasuwar kifi ta Tashar Baga, lokacin da ake sauke kwalayen banda daga yankin Tafkin Chadi, zai ga yadda wuƙa ke fita daga aljihu tana komawa ba ƙaƙƙautawa. A yanke igiya, a tsaga kwali, a duba kifi, a mayar da ita. Buɗe ta ba ya ɗaukar lokaci. Wajen naɗe ta ne ake ganin mutum ya sunkuyar da kai yana kokawa da wani ɗan ƙarfe da babban yatsa, hannunsa duk maiƙon kifi, kaifin kuwa yana jiran inda zai sauka.

Wuƙar da kakanni suka sani a wannan yanki ba ta naɗewa. Maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka mata kube, a ɗaura a damtse ko a soke a ƙugu. Har gobe ita mahauta ke riƙewa a mayanka. Amma tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 shingayen bincike suka yawaita, doguwar wuƙa a jikin mutum ta zama abin da ke jawo tambayoyi. Mai kifi da mai kankana da direban da ke ɗaure kaya sun fi samun natsuwa da wadda ke ɓoye kaifinta a cikin ƙotarta.

Mafi sauƙin ƙira ita ce wadda ba ta da makulli ko kaɗan. Sifirin ne a bayan ƙota ke tallafe ruwan wuƙar, kamar yadda yake a Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet ke ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, ta kuma bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka. Rufe irin wannan ba ya buƙatar dabara, amma idan tsinin ya ci karo da abu mai tauri, tana iya naɗewa a kan yatsun mai ita ba tare da sallama ba. Don kauce wa haka aka ƙirƙiro makulli, sai makullin ya zo da tasa matsalar: dole ya riƙe da ƙarfi yayin aiki, kuma ya saki cikin sauƙi idan an gama.

Tsohuwar mafita ita ce makullin baya, wanda Buck 110 ta Amurka ta shahara da shi daga 1964. Wani dogon ƙarfe ne a gadon bayan ƙota, kansa yana faɗawa cikin wata tsaga a gindin ruwan wuƙar. Sai an danna wutsiyarsa kan ya ɗaga. Yana riƙo ƙwarai, sai dai yakan so hannu biyu, kuma idan sifirin ya yi tauri, mai danna shi sau hamsin a wuni zai kwana da ciwon babban yatsa. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ta bi wata hanya: zobe ne a bayanta, a zura yatsa a ja, sifirin ya ɗaga. Ba ta da ƙawa, amma hannu mai maiƙo ba ya zamewa daga zobe.

Wadda ta fi cika teburan masu sayar da kayan ƙarfe a yau kuwa, ita ce mai makullin ciki, ƙirar da Ba'amurke Michael Walker ya gyara a 1980. Siririn fallen ƙarfe ne a cikin ƙota, da zarar wuƙa ta buɗe sai ya karkato ya tokare gindinta. Don rufewa, sai a ture fallen gefe da babban yatsa, a turo ruwan da manuniya. Hannu ɗaya ya wadatar, kuma shi ya sa take da farin jini. To amma a daidai lokacin da fallen ya kauce, babban yatsan yana kwance ne a kan hanyar da kaifi zai bi. Mai gaggawa, ko wanda aka kira sunansa ya waiga, nan yake samun rauni. Bahago ya fi kowa shan wahala, domin akasarinsu an yi su ne don hannun dama, shi sai ya jawo fallen da farce maimakon ya ture. A masu arha kuma ƙarfen kan zo da laushi, ko dai ya cije ya ƙi sakewa, ko ya zame tun ba a taɓa shi ba.

Kamfanin Benchmade ya fito da wani salo a ƙarshen shekarun 1990: ƙaramar sanda da ta ratsa ƙota, ana ja da baya da yatsu biyu, babu yatsan da ke shiga gaban kaifi, kuma dama da hagu duk ɗaya. Wajen daɗin hannu da wuya a sami kamarsa. Rauninsa ƙananan wayoyin sifirin ne da ke ciki, waɗanda idan suka karye, ba kowane mai gyara ne zai iya maye gurbinsu ba.

Yanayin Maiduguri ma yana da nasa hukuncin. Ƙurar hunturu ba ta barin kowace tsaga, kuma idan ta haɗu da mai ko kitse sai ta zama wani kauri da ke daskarar da makulli. Yawan mai a nan cuta ne. A wanke da ruwan sabulu, a busar sarai, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a mahaɗar. Idan fallen ciki yana cijewa, goga bakin fensir a inda yake taɓa gindin wuƙar kan sassauta shi. Masu ƙotar katako irin Opinel, wadda aka ƙara wa zoben juyawa a 1955, sukan kumbura da damina su ƙi buɗewa, da rani kuma katakon ya tsuke su yi sako-sako.

Mai saye a Kasuwar Monday yakan gwada kaifi da farce ya biya ya tafi, alhali kaifi abu ne da dutsen wasa ke gyarawa cikin minti biyar. Makulli ba ya gyaruwa haka. Gwajin da ya dace shi ne a buɗe a rufe kamar sau goma da hannun da ake aiki da shi, a lura da inda yatsa ke kasancewa sa'ad da ruwan ya fara motsi, sannan a kawar da yatsu a ɗan danna bayan wuƙar a gefen tebur. Idan ta motsa, a ajiye ta a nemi wata.