Daga Jema'an Daroro zuwa Ingila: Inda Tarihin Kudancin Kaduna Yake Ajiye a Takarda

Duk wanda ya tashi neman tarihin Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita a rubuce, zai tarar cewa takardun ba a wuri ɗaya suke ba. Wasu suna Kaduna, wasu Zariya da Jos, wasu kuma sun ƙetare teku tun fiye da shekara ɗari. Abin da ya fi wahalar samu a cikinsu shi ne muryar talakan ƙasar: waƙar da ya yi wa mai karɓar haraji, da habaicin da mata suka rera a bakin dutsen niƙa, da zambon da maroƙi ya jefi marowaci da shi. A Ingila kuwa, irin waɗannan abubuwa da ake yi wa kallon shirme su ne a yau manyan ɗakunan karatu suke alfahari da su.

Yadda Ingila ta adana zambonta

Tun daga ƙarni na 16 har zuwa na 19, ana buga waƙoƙi a Ingila a kan falle ɗaya na takarda mai araha, a sa ɗan zane a sama, a ambaci karin wata sananniyar waƙa da za a rera ta da shi. 'Yan talla suna yawo da su kasuwa-kasuwa suna rerawa, mai so ya saya da kwabo ko abin da bai kai ba. Waƙoƙin sun shafi tsadar abinci, da yaƙi, da rikicin miji da mata, da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, da wautar masu mulki. Ba a yi su don su daɗe ba. Akan liƙa su a bango ko a ƙunshe kaya da su.

Abin da ya cece su shi ne wasu mutane ƙalilan da suka ɗauki tara su da muhimmanci. Samuel Pepys, jami'in hukumar jiragen ruwan yaƙi wanda ya rasu a 1703, ya bar irin waɗannan waƙoƙi kimanin 1,800 a kundi biyar, kuma har yanzu suna Kwalejin Magdalene a Kambirij. Ɗakin karatu na Bodleian a Jami'ar Oksfod yana da kusan 30,000.

Haka zane-zanen barkwanci na siyasa. A 1805 James Gillray ya zana Firayim Minista William Pitt da Napoleon na Faransa zaune a teburi, Pitt da wuƙa, Napoleon da takobi, suna yankar duniya kamar abinci. Gidan Tarihi na Birtaniya ya tsara kundin bayani a kan irin waɗannan zane-zane sama da 17,000, aikin da aka fara bugawa a 1870 aka kammala a 1954. Masaniyar tarihi Dorothy George ce ta rubuta juzu'i bakwai na ƙarshe, inda ta bi kowane zane ta faɗi wanda ake nufi da abin da ya jawo. Ba don wannan bayani ba, da yawancin zane-zanen sun zama kurame, domin habaici ba ya cizo sai an san wanda aka yi dominsa.

Baturen Jema'a da littattafansa

A Kudancin Kaduna, wanda ya fara tara adabin baka da yawa a takarda baƙo ne da ya zo da bindiga. A. J. N. Tremearne, haifaffen Ostireliya, ya yi aikin mulkin mallaka a Jema'an Daroro a 1908 da 1909, lokacin da masarautar Jema'a take ƙarƙashin Lardin Nasarawa. Shi ne ya jagoranci wasu hare-haren soja a kan al'ummomin da ke kan duwatsun yankin, ciki har da mutanen Kagoro. A daidai wannan lokaci kuma yana zama da masu jin Hausa yana rubuta tatsuniyoyi daga bakinsu.

Daga wannan zama littattafai biyu suka fito masu fuska daban-daban. Na 1913, mai suna Hausa Superstitions and Customs, ya ƙunshi tatsuniyoyi ɗari, da dama daga cikinsu a Jema'a ya ji su, kuma masu nazarin adabin Hausa suna komawa gare shi har gobe. Na 1912 kuwa, The Tailed Head-Hunters of Nigeria, sunansa kaɗai ya isa shaida: ya kira mutanen ƙasar masu wutsiya kuma mafarautan kawuna, alhali abin da ya kira wutsiya ado ne da matan aure suke ɗaurawa a ƙugu. Wannan shi ma zanen barkwanci ne, sai dai da kalmomi aka yi shi, kuma waɗanda aka zana ba a ba su damar mayar da martani ba. Tremearne ya mutu a fagen daga a Loos ta Faransa a 1915.

Bayansa wasu sun biyo. C. K. Meek ya yi rubutu a kan Atyap, waɗanda takardun Turawa suke kira Katab, a littafinsa na 1931. M. G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta a kan Kagoro, sannan a 1957 ya buga nazari a kan roƙo, inda ya nuna yadda yabon maroƙi yake juyewa ya zama zambo idan wanda ake yi wa ya hana kyauta.

Dalilin warwatsuwar takardun

Rarrabuwar takardun ta samo asali ne daga yadda Turawa suka yi ta sauya iyakoki. An kafa masarautar Jema'a a farkon ƙarni na 19 tana biyayya ga Zazzau. Turawa suka sa ta a Lardin Nasarawa, sannan a 1926 suka mayar da ita sabon Lardin Filato. Zangon Kataf da Kachia da Kauru kuwa suna Lardin Zariya. A shekarun 1920 layin dogo daga Fatakwal ya iso Kafanchan, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe na Nijeriya, har fadar Sarkin Jema'a ta dawo nan a farkon shekarun 1930.

Saboda haka mai neman labarin ƙauye ɗaya a reshen Kaduna na Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa yakan buɗe fayilolin larduna uku, ya haɗa da na Sakatariyar Lardunan Arewa. A ciki akwai rahotannin ƙidayar haraji, da bayanan iyakokin gundumomi, da shari'o'in kotunan gargajiya, da ƙorafe-ƙorafen da jama'a suka rubuta. Hukumar ta faro ne a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma manyan rassanta suna Ibadan da Inugu da Kaduna.

A wannan ɗaki na Kaduna ne kuma aka ajiye rubuce-rubucen ajami da malamai suka yi wa Frank Edgar, waɗanda ya juya zuwa boko ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 da sunan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. Gidan Arewa, wanda aka buɗe a 1970 a gidan marigayi Sardauna Ahmadu Bello, yana da nasa tarin, haka ma Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Tarihi na Jos. Wasiƙun da gwamnonin Arewa suka aika wa Ofishin Mulkin Mallaka suna Kew a Landan, takardun Lugard suna Oksfod. Mishan ɗin SIM, wadda ta kafa tasha a Kwoi a 1910 sannan daga baya a Kagoro, ta ajiye rahotanni da hotunan ma'aikatanta a Amurka.

Muryar da ba ta shiga fayil ba

Kusan duk waɗannan takardu jami'in gwamnati ne ya rubuta su, ko ɗan mishan, ko malamin fada. Baturen gunduma ba ya jin Tyap ko Jju ko Hyam. Ta bakin tafinta yake ji, cikin Hausa, ya rubuta da Turanci. Magana ta ratsa harsuna uku kafin ta sauka a takarda, kuma tafintan yakan kasance yana da nasa ra'ayi a kan rigimar da ake bincike.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Idan gardama ta tashi a kan sarauta ko iyakar gona ko wanda ya riga wani zama, kowane ɓangare yakan ɗauko tsohon rahoton Bature ya kafa hujja da shi. Rahoton shaida ne, amma na mutum ɗaya, wanda ya rubuta don sauƙaƙa karɓar haraji. Waƙoƙin noma da na biki da na makoki, da kirarin dangi, su ne sauran shaidun, kuma su ne ba a tara ba yadda ya kamata.

A ɓangaren Hausa an ɗan fi sa'a. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta buga waƙoƙi da wasiƙun masu karatu. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, waƙar siyasa ta zama makami tsakaninta da NPC, inda mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka yi fice. Waɗannan waƙoƙi, da ake kwafa da hannu ko a buga a 'yan takardu a rera a taro, su ne mafi kusa da waƙoƙin falle ɗaya na Ingila. Waɗanda suka tsira sun tsira ne domin wani ya ɓoye kwafinsa a akwati.

Abin da ke cin takarda

Abin mamaki, tsofaffin rubuce-rubucen malamai sukan fi fayilolin Turawa ƙarko. An yi su ne a kan takardar da aka sarrafa daga tsummoki, wadda fatake suke kawowa daga Italiya ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku. Takardar ofis ta ƙarni na 20 kuwa daga itace aka yi ta, tana da sinadari mai tsami da ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa da kanta. Ga gara, ga laimar damina wadda ta fi yawa a kudancin jihar, ga tsatsar ƙusoshin da aka maƙale takardu da su. Kaset ɗin da aka naɗi mawaƙa a shekarun 1970 da 1980 shi ma yana lalacewa, na'urar sauraronsa kuma tana ƙara wuya.

Ɗaukar hoto da na'ura yana taimakawa. Tun 2004 Ɗakin Karatu na Birtaniya yake gudanar da wani shiri na ceton takardun da ke cikin haɗari, bisa sharaɗin cewa ainihin takardun su zauna a ƙasarsu, kuma shirin ya taɓa aiki a kan wasu takardun Kaduna. Amma harin da masu kutse suka kai wa kwamfutocin wannan ɗakin karatu a Oktoban 2023, wanda ya rufe hidimominsa na intanet tsawon watanni, ya nuna cewa kwafi ɗaya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce.

Abin da iyali da al'umma za su iya yi

Masana adana takardu suna ba da shawarwari masu sauƙi. Kada a liƙe tsohuwar takarda da salatif ko a rufe ta da roba mai zafi, domin ba a iya warware wannan ɓarna. A cire ƙusoshin ƙarfe, a shimfiɗa ta a cikin tsabtatacciyar takarda, a ɗaga ta daga ƙasa, nesa da bango mai laima. A ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi a wurare biyu ko uku.

Idan waƙa ce, a naɗi muryar dattijon da ya iya ta, sannan a rubuta sunansa da garinsu da ranar da aka naɗa, da wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta. Rasitin haraji, da katin ma'aikacin jirgin ƙasa, da rajistar baftisma, da wasiƙar ajami, duk suna da wannan daraja. Sassan tarihi da na harsuna a jami'o'i da kwalejojin ilimi na jihar, ciki har da ta Gidan Waya da ke kusa da Kafanchan, wurare ne da za a iya kai irin waɗannan kwafi domin ɗalibai su amfana.

Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara yana tara mawaƙa da makaɗa da mafarauta a fili ɗaya, kuma kusan kowa a wurin yana riƙe da wayar da za ta iya naɗar sauti. Abin da ya rage shi ne mai zama da dattawa bayan an watse, ya tambayi ma'anar kowane baiti, ya rubuta.