Takardar Tallafin Karatu a Amurka: Karanta Ta da Idon Basira

A watan Maris da Afrilu ne yawancin jami'o'in Amurka ke aika wa ɗaliban da suka ɗauka takardar tallafin kuɗi, kuma galibi 1 ga Mayu ne wa'adin ba da amsa. Kowace jami'a da irin tsarin takardarta, abin da ke rikita iyaye ke nan.

Kada babban adadi ya ruɗe ka. A ƙarƙashin kalmar "tallafi" akan cusa abu uku: kyauta wadda ba a biya, bashi mai ruwa, da aikin da ɗalibi zai yi a makaranta kafin ya ga kuɗin. Haɗa kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai da sufuri, ka cire kyautar kaɗai. Abin da ya rage shi ne nauyin gidanku, kuma da shi ake gwada jami'a da jami'a. Ka kuma tambaya ko kyautar ta shekara huɗu ce ko ta shekarar farko kawai. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki.

Idan tallafin ya gaza, ana iya neman a sake dubawa. Fom ɗin FAFSA, wanda ake cikewa don neman tallafin, yana amfani da bayanan harajin shekara biyu da suka wuce, ga shi kuwa cikin shekara biyu uba na iya rasa aiki, ko jinya ta cinye ajiya. Rubuta wa ofishin tallafi gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ka haɗa da takardun shaida, ka faɗi adadin da ya gagare ku. Wasu jami'o'in suna duba tayin wata jami'a idan ka nuna musu, wasu kuma ba sa yi.

Ɗalibi baƙo ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, don haka asusun jami'ar ne madogararsa.