Idan Ɗan Sanda Ya Zalunce Ka, Ina Za Ka Kai Kuka?

Mutumin Damba ta Gusau da aka tsare ƙanensa a caji ofis, aka ce sai ya kawo "kuɗin beli", galibi gidan kansila yake fara nufa, ko ya nemi wanda ke da hanya wajen ciyaman. Roƙo kawai za su iya yi masa. Sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal a Najeriya, ta tarayya. Tun da aka narkar da 'yan dokan En'e cikin wannan runduna a zamanin Gowon, ƙaramar hukuma ba ta da ikon ladabtar da ko kurtu. Ciyaman ɗin Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, zai iya saya wa DPO man fetur, amma ba zai iya cire masa igiya ba.

Wannan iko yana hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda farar hula ke cikinta. Ita ke ƙarin girma, ita ke kora, banda Sufeto Janar. Sai dai Abuja ta yi wa talaka nisa. Akwai kuma sashen karɓar koke da rundunar ta buɗe a 2015 zamanin Solomon Arase, amma fa ɗan sanda ne ke binciken ɗan'uwansa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ma tana karɓar ƙorafi kyauta.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne wanda ba a cika sani ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta wajabta wa alƙalin majistare ya riƙa ziyartar caji ofis na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar waɗanda aka kama, ya ba da belin wanda ya cancanta. Dokar ta hana kama uba a madadin ɗansa, ta hana tsare mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Shi ya sa takarda ke da amfani: a rubuta sunan jami'in da ke kan ƙirjinsa, da ranar, da lokacin, da adadin da aka nema. Koke na baki kan mutu a bakin ƙofa.

Inda na fi jin tsoro shi ne Askarawan Zamfara, jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. Jama'ar da 'yan bindiga suka addaba a hanyar Tsafe sun yi maraba da su, kuma da dalili. Amma su ba 'yan sandan tarayya ba ne, hukumar Abuja ba ta da hurumi a kansu. Wanda askari ya doki ɗansa, jiha ce za ta faɗa masa ofishin da zai shiga, da wanda zai saurare shi, kuma ya kamata majalisar dokoki ta tabbatar ba mai kaki kaɗai ke zaune a wannan kujera ba.