Hoto da Gini: Abin da Kyamara Ke Kamawa da Abin da Ke Kuɓuce Mata



Hausawa kan ce gani ya kori ji. Ina so mu ɗan auna wannan karin magana a kan hoton gini, domin wanda ya ga gini a hoto yakan ɗauka ya san shi, alhali abin da ya gani ɓangare guda ne, daga wuri guda, a lokaci guda.

Tun asali gini da hoto abokan tafiya ne. Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya, wanda Niépce ya ɗauka a Faransa wajen 1826 ko 1827, rufin ɗakuna ne da ya hango ta tagarsa. Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani sai an bar kyamara a buɗe na dogon lokaci kafin haske ya kama, don haka abin da ba ya motsi kaɗai ke fita. Da Daguerre ya ɗauki wani titi na birnin Paris a 1838, gidaje sun fito tsaf, amma kekunan doki da masu wucewa duk sun ɓace, in ban da wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Wato tun daga farko kyamara ta saba nuna gini ba tare da jama'arsa ba, kuma har yau masu wannan sana'a ba su rabu da al'adar ba.

To, bari mu dawo gida, mu ɗauki ginin ƙasa irin namu. Magini kan sa gindin bango ya yi kauri, sa'an nan ya riƙa rage tubali yana hawa, har bangon ya tsuke a sama. Ita ma kyamara, in aka ɗaga bakinta sama, takan sa ko da miƙaƙƙen bango ya zama kamar ya tsuke. Saboda haka mai duban hoton soro ba zai iya bambance aikin magini da ƙaryar gilashi ba, sai fa in an tsayar da kyamarar daidai, an kuma sa mutum a gindin bangon don a gane tsawonsa. Haka nan zanen da ake yi a fuskar gida. Wannan ado tudu da kwari ne a jikin yaɓe, inuwa ce ke fito da shi. In an ɗauke shi da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke dukansa ta gefe, sai dagi ya tashi kamar a taɓa. In kuwa hazo ya rufe gari, gida ɗaya ne, amma sai ka rantse ba a yi masa ado ba.

Amma babbar matsalar tana daga ƙofa zuwa ciki. Gidan Bahaushe da ƙafa ake saninsa. Ka baro zafin rana ka shiga zaure, idonka ya yi ɗan dundumi kafin ya saba da duhu, sanyin ƙasa ya ratsa ka, muryarka ta sauya a ƙarƙashin daurin guga. Ƙofar da za ta kai ka gaba ba ta fuskantar wadda ka shigo, da gangan aka kauce da ita, don kada na waje ya hango cikin gida. Daga nan sai fili, sai shigifa, kowane mataki da iyakar wanda aka yarda ya taka shi. Wannan jeri shi ne ma'anar gidan, ita kuwa kyamara ba ta da hanyar kama jeri a hoto guda. In aka kunna mata fitila a zaure ta kore duhun, to, ta kore abin da ya sa zauren ya zama zaure. Ga kuma kunya da kulle, waɗanda suka sa yawancin hotunan gidajenmu na dā suka tsaya a ƙofar gida da zankwaye. Tsakar gida, inda mata ke gudanar da rabin rayuwar gari, kaɗan ce ta shiga hoto.

Kada a ɗauka raina hoto nake yi. Ginin ƙasa ba ya zama da kama ɗaya: damina ta zaizaye shi, rani a sake yaɓe, gefen da yake da kaifi bana ya dakushe baɗi. Hoto ne kaɗai ke riƙe mana kamar wata shekara. Ku dubi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19. Itacen azara ba ya ɗaukar rufi fiye da wajen ƙafa 6 ba tare da madogara ba, amma wannan gwani ya ɗora azara kan azara cikin laka, ya lanƙwasa bakuna, ya rufe makeken fili da tulluwa. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabo na siminti. Ginshiƙai da bakuna na ciki sun tsira, amma yadda masallacin yake daga waje sai dai a tsofaffin hotuna.

A nan ne aikin Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya cancanci yabo. Bai dogara ga hoto kaɗai ba. Shi da ma'aikatansa sun bi gine-ginen Nijeriya da igiyar awo, sun zana taswirar kowane ɗaki da kaurin kowane bango, suka haɗa da hotuna. An buga aikin cikin littattafai 3 a 1990, bayan rasuwarsa, kuma da irin wannan awo aka gina kwaikwayon masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Saboda haka, ku ma'aikatan da ake aika wa takardar neman rushe tsohon gini da hoto guda liƙe a jiki, ku tambayi ranar da aka ɗauke shi, da inda mai ɗaukar ya tsaya, ku nemi taswirar ginin, sa'an nan ku je ku shiga da ƙafarku kafin ku sa hannu.